Gashin Dabbobi da Sana'ar Kaɗi: Darasi Domin Hakimai da Malamansu na Ƙasar Ruma

Labari ya kan zo mana daga ƙasashen Turai da Amurka cewa akwai mutanen da ke tara gashin da karnukansu da kyanwoyinsu ke zubarwa, su kaɗa shi ya zama zare, su saƙa hula ko safa ko rigar sanyi. Waɗansu in sun ji sai su yi dariya, waɗansu kuwa su ce to, mu da mu ke da dabbobi fiye da nasu, me zai hana mu yi? Tun da ya ke ƙofar hakimi ce talaka ya kan fara zuwa da tambaya, malamin hakimi kuma shi ke riƙe da alƙalami, ya kamata su san gaskiyar al'amarin, domin su ba da amsa bisa sani. Abin da wannan darasi zai bayyana ke nan: wane gashi ne ke kaɗuwa, ina aka taɓa yin wannan sana'a, me aka gwada a Katsina, yaya a ke aikin, wane haɗari ke cikinsa, kuma me a ke so shugabanni su yi.

1. Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu

Ƙasar Ruma, watau yankin Batsari da Safana a yammacin Katsina, ƙasar noma ce da kiwo tun kaka da kakanni. Sarkin Ruma yana Batsari, Yariman Katsina yana Safana, dajin Rugu kuwa ya kwanta a yammacinsu har iyakar Zamfara. A nan ne aka keɓe makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, wadda aka yi wa ayyukan madatsan ruwa da gyaran kiwo a shekarun 1960, zamanin da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar makiyaya ta 1965. Shanu da tumaki da awaki su ne dukiyar mutanen wurin, raƙuma kuma suna shigowa daga arewa.

Ba sai an gaya wa hakiman wannan yanki abin da ya faru daga baya ba. Ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun addabi ƙauyukan bakin daji shekara da shekaru, har a 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta rufe waɗansu kasuwannin dabbobi, aka kuma yanke layin waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana. Gidaje da yawa sun rasa garkensu. Mata da yawa sun baro ƙauyukansu da 'ya'ya a hannu, ba gona, ba nonon sayarwa. Ga kuma hunturu, wanda a watannin Disamba da Janairu sanyinsa na asuba ya kan sauko ƙasa da digiri 15, ya sami yara ba mayafin kirki.

Macen da ta iya kaɗi ba ta bukatar fili, ba ta bukatar jari mai yawa. Mazari da gululu da alli da taskira su ne kayan aikinta, duk sa shiga ƙwarya guda. Amma sana'ar tana mutuwa. Tun da masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, zaren inji ya yi ta tura na hannu baya, daga bisani kayan gwanjo suka ƙarasa. Yau a ƙauyuka da yawa tsofaffi kaɗan ne suka rage masu juya mazari. In suka ƙare ba su koya wa kowa ba, shi ke nan.

2. Ba ko wane gashi ke zama zare ba

Dabbobi da yawa rigarsu biyu ce. Akwai gashin waje, mai kauri da tsauri da santsi, wanda ke kare dabba daga ruwa da ƙaya. Akwai kuma gashin ciki, mai laushi, siriri, mai lanƙwasa, wanda ke riƙe ɗumi. Gashin cikin nan shi ne ke kaɗuwa. Shi ne kuma dabba ke zubarwa sa'ad da sanyi ya wuce zafi ya ƙarato.

Masana suna auna kaurin gashi da wani ma'auni da a ke kira maikuron, watau kashi ɗaya cikin 1000 na milimita. Gashin kan mutum ya kan kai maikuron 50 zuwa 100. Ulun tunkiyar Merino yawanci ba ya wuce 24. Gashin cikin akuyar Kashmir ba ya wuce 19, na zomon Angora kuwa ya fi wannan ma siranta. Abin da ya haura maikuron 30 ya kan yi suka a jikin mutum, sai dai a yi bargon shimfiɗa da shi, ko buhu, ko igiya.

Bayan siranta akwai abu biyu. Na ɗaya tsawo. Silin auduga tsawonsa wajen inci ɗaya ne, amma yana da murɗa ta halitta mai sa sili ya kama ɗan'uwansa. Gashin dabba ya fi auduga santsi, saboda haka in bai kai inci ɗaya da rabi ko biyu ba, da wuya ya tsaya cikin zare shi kaɗai. Na biyu lanƙwasa. Ulun tunkiya a nannaɗe ya ke, shi ya sa rigar ulu in an ja ta sai ta koma yadda ta ke. Gashin kare da na zomo ba su da wannan sosai, tufar da aka yi da su zalla ta kan saki.

Ka'idar da za a riƙe ita ce: dabbar ƙasar sanyi ita ke da gashin ciki mai yawa. Dabbar ƙasar zafi Allah ya yi mata riga mara nauyi, domin ta jure bazara.

3. Inda aka yi sana'ar

A gaɓar tekun yammacin Kanada da Amurka akwai ƙabilun da a ke kira Salish. Suna da wani irin ƙaramin kare fari mai yawan gashi, wanda matansu ke kiwo musamman domin saƙa. Su kan ware shi daga sauran karnuka, wani lokaci a tsibiri, kada irin ya gauraye, suna ciyar da shi da kifi. Su kan haɗa gashinsa da na akuyar dutse su saƙa barguna masu daraja. Wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, Kyaftin George Vancouver, ya ga karnukan nan a 1792, ya rubuta cewa a kan yi musu sausaya kamar tumaki. Bayan da Turawa suka mallaki ƙasar, suka danne al'adun mutanen, bargunan inji kuma suka cika kasuwa, sai irin karen ya ɓace. Fatar guda ɗaya mai suna Mutton, wanda ya mutu a 1859, tana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington, a 2023 kuma masana suka buga binciken da suka yi a kanta tare da dattawan ƙabilar.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, ulu ya yi ƙaranci a Ingila. Sai waɗansu mata masu kiwon karnuka suka kafa ƙungiya a Landan, suna karɓar gashin da aka taje daga karnuka masu dogon gashi, a kaɗa a saƙa wa sojojin da suka yi rauni tufafi. Da yaƙi ya ƙare ulu ya samu, sai abin ya lafa. A 1994 wata Ba'amurkiya, Kendall Crolius, da abokiyar aikinta Anne Montgomery, suka buga littafi a kan saƙa da gashin kare, har yau kuma akwai masu yi a can. Amma yawanci sha'awa ce, ko neman abin tunawa da dabbar da suka saba da ita. Ba shi ne tufar jama'a ba.

Inda gashin da dabba ke zubarwa ya zama babban ciniki shi ne Mongoliya da arewacin ƙasar Sin. Can ne makiyaya ke taje awakin Kashmir a ƙarshen sanyi, ko wace akuya ta ba da abin da bai kai rabin kilo ba a shekara, amma mai tsada ƙwarai. Can ne kuma raƙumi mai tozo biyu ke zubar da gashi kilo da dama ko wace shekara, a bi a tsince. A lura, duk wuraren nan da aka ambata ƙasashen ƙanƙara ne.

4. Maƙwabtanmu na yamma

Akwai wuri ɗaya a Afirka ta Yamma da ya shahara da ulu, shi ne Masina ta ƙasar Mali, inda kogin Kwara ke malala ya bar fadamu. Fulanin wurin suna da tunkiya mai ulu, ko da ya ke abin da ta ke bayarwa a shekara bai cika kai kilo ɗaya ba, alhali Merino ta kan ba da kilo huɗu ko biyar. Mata ke kaɗi, masaƙan da a ke kira Mabube ke saƙa, su fitar da bargon nan mai suna kasa, fari mai adon baƙi da ja, wanda fatake suka daɗe suna kaiwa har Kumasi. A Jamhuriyar Nijar ma, a bakin kogi wajen Tillaberi, akwai 'yar'uwar wannan tunkiya da a ke kira Kundum. Wannan ya nuna baƙar fata makiyayi ya san aikin ulu tun kafin zuwan Turawa, in dai yana da dabbar da ke ba da shi.

5. Gwajin da aka yi a Katsina

Tumakinmu uku ne sanannu: Uda, mai baƙin gaba ko ja da farin baya, Balami, fara mai girma, da 'Yankasa, wadda ta fi yawa. Dukansu tumakin gashi ne, ba na ulu ba. Wajen shekarun samun 'yancin kai an yi wani gwaji a Katsina, aka kawo jinin Merino aka haɗa da tumakin ƙasa, domin a ga ko za a sami tunkiyar da za ta jure ƙasarmu kuma ta ba da ulu. Wata masaniyar gashin tumaki, Marca Burns, ta auna fata da gashin 'ya'yan da aka samu, ta buga sakamakon a 1967 cikin wata mujallar aikin gona.

Ga shi an fi shekara 50, duk wanda ya shiga kasuwar dabbobi ta ƙasar Katsina Uda da Balami da 'Yankasa zai gani. Tunkiyar ulu ba ta bazu a hannun makiyaya ba. Mai kiwo bai rasa hujja ba. Dabbar da ke yawo a dajin da ke cike da ƙarangiya, ulunta zai cika da ƙaya har ya gagari tsincewa. Da damina ulu mai kauri ya kan riƙe laima ya jawo ciwon fata. Sa'an nan kuma kuɗin makiyayi a nama ya ke, musamman ragon Layya, ba a gashi ba. Darasin da ke ciki shi ne, abin da Gwamnati da masana suka gwada bai zauna ba, kada talaka ya zuba ɗan abin da ya rage masa a ciki don wani ya yi masa romon baka.

6. Dabbobin Ruma ɗaya bayan ɗaya

Tunkiya. Gashinta gajere ne mai tsauri. Gezar ragon 'Yankasa tana da tsawo, amma kaushinta ya yi yawa, sai igiya.

Akuya. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi darajarta a fata ta ke, wadda duniya ta sani. Gashinta bai isa kaɗi ba.

Raƙumi. Shi ne ya fi duka amfani a wannan fanni. Raƙuminmu mai tozo ɗaya ba ya yin gashi kamar na Mongoliya, amma da hunturu ya kan tara gashi a tozo da kafaɗa da wuya, in bazara ta shigo ya riƙa zubar da shi curi curi. Na ɗan raƙumi ya fi laushi nesa ba kusa ba. Abin da a ke samu kaɗan ne, amma a banza ya ke zubewa.

Doki da saniya. Izgar doki da gashin wutsiyar saniya suna da ƙarfi, masu goge ma da izga su ke yin tsirkiya. A kan tufka su, ba a sa su a tufa.

Kare. Karen gida da na farauta gashinsu gajere ne, ba su da gashin ciki na kirki. Karnukan da a ke kaɗa gashinsu a Turai irin na ƙasar sanyi ne, waɗanda in an kawo su nan wahala su ke sha.

Kyanwa. Gashinta yana da laushi amma gajere ne ƙwarai, kuma da ya ji ruwa da murza sai ya cure.

Zomon gida. Irin da a ke kiwo a nan na nama ne, gashinsa gajere. Ana iya zuba kaɗan cikin auduga ya ƙara wa zare taushi. Zomon Angora mai dogon gashi kuwa ba ya son zafi.

Ke nan amsar da hakimi zai bayar a taƙaice ita ce: gashin kare da kyanwa ba sana'a ba ne a ƙasar Ruma. Abin da za a iya mora shi ne gashin raƙumi, a gauraya shi da auduga.

7. Yadda a ke aikin

Na farko, tarawa. A ƙarshen hunturu a taje dabba mai lafiya da matsefi mai faɗin haƙora, ko a ciro abin da ya riga ya saki da hannu a hankali. Kada a tuge da ƙarfi. Kada a kwashi wanda ya daɗe a ƙasa cikin kashi da fitsari. A zuba a buhun auduga ko kwando, ba leda ba, domin leda tana tara gumi gashi ya yi funfuna.

Na biyu, tsincewa. A baza a faifai a fitar da ƙaya da ƙasa da dogayen silin nan masu tsauri. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, shi ne kuma ke raba zare mai kyau da mai suka. Kada a yi mamaki in abin da ya rage bai wuce rabin abin da aka tara ba.

Na uku, wanki. A jiƙa cikin ruwan ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, da sabulu kaɗan. A bar shi ya jiƙa, a tsame, a sake ruwa har ya fita fes. Kada a cuɗa, kada a murza, kada a fitar da shi daga ruwan zafi a tsoma cikin na sanyi, in an yi haka sai ya dunƙule ya ƙi warwaruwa. Kada a sa kanwa ko ruwan toka. Auduga tana jure su, amma gashin dabba suna cinye shi ya yi ta karyewa. A shanya a inuwa bisa tabarma.

Na huɗu, shiɓa da gaurayawa. A gurje auduga a fitar da angurya kamar yadda aka saba. A shimfiɗa auduga da gashi hawa hawa, a shiɓe su tare da baka har su zama abu guda, sa'an nan a naɗe sutu. Mai farawa ta sa kashi ɗaya na gashi cikin kashi biyu na auduga. In hannu ya faɗa sai a kai rabi da rabi.

Na biyar, kaɗi. A yi shi da kauri irin na abawa, ba siriri irin na arafiya ba, a kuma ba shi murɗa fiye da yadda a ke ba auduga zalla, saboda santsin gashi. In an cika mazari biyu, sai a haɗa zaren biyu a murɗa su ta hannun da ya saɓa wa na farko. Wannan ke hana zare nannaɗewa, ya kuma ƙara masa ƙarfi.

Na shida, saƙa. Mai kwarashi ko tsinken saƙa za ta iya yin hular sanyi da zare giram 50 zuwa 100, safa ƙafa biyu wajen giram 100, rigar sanyi ta babba kuwa rabin kilo ko fiye. A lissafa: in an yi rabi da rabi, tsabtataccen gashi giram 50 ya isa hula babba. Masaƙi kuma yana iya yin wadari da zaren auduga, ya sa na gaurayen a ƙoshiya, ya fitar da gwado mai ɗumi.

Na bakwai, ajiya. Asu yana cin gashin dabba fiye da auduga. A wanke tufa kafin a ajiye, a sa busasshen ganyen darbejiya a tsakani, a riƙa fitarwa ana kaɗewa ana nuna mata rana.

Ba a fafa gora ranar tafiya. Gashin da aka tara a Maris shi za a sa a Disamba.

8. Haɗarin da ke ciki

A nan ne a ke so hakimai su fi sa ido. Zubar gashi iri biyu ce, akwai ta lokaci, akwai ta cuta. Ta lokaci ta kan bar fata sumul da sabon gashi a ƙasa. Ta cuta ta kan bar sanƙo, ko ɓawo, ko gyambo, dabba tana ta susa. Ƙazuwa da makero suna kama mutum daga dabba. Kada a taɓa irin wannan gashi, a kai dabbar wurin malamin dabbobi.

Mafi muni shi ne ciwon saifa. Ƙwayarsa ta kan yi shekaru da yawa a ƙasa da cikin gashi da fata ba ta mutu ba, wankin sabulu kuwa ba ya kashe ta. A garin Bradford na Ingila ta kashe ma'aikata masu tsince ulu da gashin da a ke kawowa daga ƙetare, har aka riƙa kiranta ciwon masu tsintar ulu. Sai da Gwamnatin Ingila ta yi doka a 1919, ta kuma buɗe gidan tsarkake gashi a Liverpool a 1921. Cutar ba ta bar ƙasarmu ba, domin a watan Yuli na 2023 Gwamnatin Tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta Jihar Neja. Alamarta ita ce dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura. Irin wannan mushe ba a feɗe shi, ba a cire masa gashi, ba a jan sa a ƙasa. A hana yara da karnuka zuwa wurin, a aika wa likitan dabbobi nan take. Mutumin da ya ga ƙurji mai baƙin tsakiya a hannu ko fuska bayan ya taɓa gashi ko fata, ya tafi asibiti ran nan, domin maganinsa yana ci in an yi sauri.

Kare kuma yana da nasa. Ƙwan wata tsutsar ciki ya kan maƙale a gashinsa, in ya shiga cikin mutum ya yi masa ƙari a hanta ko huhu. Ciwon haukan kare kuwa ta cizo da yawu ya ke shiga, saboda haka kada yaro ya kama karen da ba a sani ba wai zai taje shi. Duk mai aikin gashi ta yi shi a sarari, ta rufe hanci sa'ad da ta ke shiɓa, ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa abinci. Mai asma ta bar wa wata.

9. Wajen shari'a da al'ada

Za a tambayi hakimi ko ana salla da irin wannan tufa. Aya ta 80 cikin Suratun Nahli ta ambaci ulun tumaki da gashin raƙuma da na awaki cikin ni'imomin da aka yi wa ɗan Adam. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, ulu da gashin da aka yanke masu tsarki ne. Wanda aka tuge ya fito da saiwa, saiwar nan ba ta da tsarki. Wannan ma wani dalili ne na barin tugewa. Game da kare malaman mazhabobi sun saɓa, Malikawa suna ganin jikin rayayyen kare mai tsarki ne, Shafi'awa kuwa suna ganin najasa ne. Duk wanda ya yi shakka a tura shi wurin liman ko alƙali. Amma ko an bar maganar hukunci, kowa ya san Bahaushe da Bafillace ba za su sayi hular gashin kare ba. Abin da ba shi da mai saye kuwa ba a kiransa sana'a.

10. Abin da a ke roƙo ga hakimai da malamai

(1) Malamin hakimi ya buɗe littafi, ya nemi dagatai da masu unguwa su kawo adadin mata masu kaɗi da masaƙa da masu saƙar kwarashi na ko wane gari, har da baƙin da suka yi gudun hijira. A rubuta gari, da yawan masu sana'a, da ko suna yi har yanzu, da abin da ya hana waɗanda suka bari.

(2) A rubuta gidajen da ke da raƙuma, da watan da raƙuman ke zubar da gashi, da nauyin abin da aka tara in an auna. Abin da aka auna kaɗai za a rubuta, ban da kintace.

(3) Hakimi ya ƙarfafa wa tsofaffin mata gwiwa su koya wa 'yan mata, ya nemi matan gidansa su fara, domin abin da aka gani a gidan sarauta ba a raina shi. Da tsohuwar zuma a ke magani.

(4) A shawarci manoman da ke shuka auduga su rage kaɗan domin kaɗin gida. Inda ba a nomanta, a haɗa kuɗi a sayo daga wajen Funtuwa ko Malumfashi, gama auduga ce uwar aikin, gashi ƙari ne.

(5) A gwada da kaɗan tukuna. Hula biyu ko uku sun isa a ga ko zaren yana suka, ko yana jure wanki, ko akwai mai saye, kafin a sa mutane su ɓata lokacinsu.

(6) A gargaɗi jama'a kada su sayi baƙin tumaki ko zomaye ko karnuka da sunan za su yi arziki da gashinsu, sai sun shawarci ma'aikatan dabbobi na Ƙaramar Hukuma.

(7) Duk dabbar da ta mutu farat ɗaya a kai rahoto ga hakimi da likitan dabbobi ran nan, a kuma taimaka wa masu allurar rigakafi in sun zo.

(8) Kada a tura kowa cikin daji neman gashi ko bin garke inda babu tsaro. Rai ya fi riga.

Tambayoyi domin bita

1. Mene ne bambancin gashin waje da gashin ciki, kuma wanne ke kaɗuwa?
2. Don me tunkiyar Masina ke ba da ulu, Uda da 'Yankasa ba sa bayarwa, kuma me gwajin Katsina ya koya mana?
3. Me ya sa ba a wanke gashin dabba da kanwa?
4. Ta yaya za a bambanta zubar gashi ta lokaci da ta cuta?
5. In dagaci ya kawo labarin saniya ta faɗi ta mutu jini yana fita ta hancinta, me malamin hakimi zai yi?

Ana fata hakimai za su karanta wannan darasi a zaman majalisarsu da dagatai, malamai kuma su kammala littafin ƙidayar kafin raƙuma su fara zubar da gashi. Allah ya ba ƙasar Ruma lafiya da zama lafiya, amin.